Injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu: abin da na gani bayan wata goma sha huɗu a garejin gidana

Wata goma sha huɗu ke nan da na kafa injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu a garejin gidana da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, kuma tun ranar da maƙwabta suka hangi Hilux a sama ta wuce kan mutum, da wuya mako ya wuce wani bai tambaye ni ko abin ya ci kuɗinsa ba. Ya ci kuɗinsa, kuma da za a sake ba ni zaɓi, shi zan sake saye. Sai dai akwai sharaɗin da ban gane ba sai da na tsunduma cikin aikin: duk wanda bai shirya zuba sabon kankare da ɗaga rufi da gyara wutar gidansa ba, gara ya riƙe kuɗinsa, domin injin da aka kafa a kan daɓe marar ƙarfi ya fi jak ɗin hannu haɗari.

Motoci uku muke kula da su a gidan: Hilux da nake zuwa gona da ita Jiratawa, wani lokaci kuma ta sha rairayin hanyar Dakoro, da Corolla ta uwargida, da wata tsohuwar Land Cruiser ta yayana. Ɗan ƙanena ne yake yi mana aikinsu, shi ya koyi kanikanci, ni kuma ina taya shi. Shekara da shekaru a kan tabarma muke kwanciya ƙarƙashin mota, jak a gefe ɗaya, bulo a ɗaya gefen. Wata rana da hantsi, yana cikin kwance salansa, gindin jak ya nutse a ƙasa, motar ta karkata ta zauna a kan bulon, bulon kuma ya dare. Allah ya sa ya riga ya zaro kansa don ɗauko sifana. A ranar na ƙudurta cewa ba wanda zai sake shiga ƙarƙashin mota a gidana a haka.

Shawarar farko da kowa ya ba ni ita ce in haƙa rami irin na garejin gari. Rami ya fi arha nesa ba kusa ba, ba ya buƙatar wuta, kuma don juyen mai ba shi da laifi. Abin da ya hana ni shi ne gida ne mai yara, ga ruwan Agusta da ke neman duk wani kwari ya kwanta, ga kunama. Akwai kuma abin da mutane ba su cika ambata ba, wato tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka a rami yake taruwa, daidai inda mutum yake tsaye da fitila. Bayan haka, mota a kan rami tana zaune ne bisa tayoyinta, aikin birki da na ƙafa sai an koma ga jak ɗin da nake gudu. An ce ma wannan wahalar ce ta haifi injin tun asali: a 1925 wani bakanike mai suna Peter Lunati a garin Memphis na Amurka ya ga yadda kujerar mai aski take tashi da ƙarfin mai, ya ƙera irinta don mota, daga nan kamfanin Rotary ya samo tushe.

Iri uku ne suka shiga lissafina. Mai ginshiƙi huɗu, wanda ake tuƙa mota a hau kansa, shi ya fi sauƙin amfani, bai kuma matsa wa daɓe sosai ba, amma yana cin fili, kuma tayoyi suna zaune a kan faranti. Ya fi dacewa da mai son ajiye mota ɗaya a saman wata. Mai kama da almakashi ƙarami ne, yawancin na gida ba sa wuce mita guda a tashi, kuma jikinsa yana tare tsakiyar mota, inda farofela da salansa suke. Mai ginshiƙi biyu yana kama mota ta shasi da hannuwa huɗu, ya bar tayoyi suna reto, ya bar cikinta a buɗe daga gaba har baya. Tun da gyara nake so, ba ajiya ba, shi na zaɓa.

Wanda na saya ƙirar Sin ne, mai ɗaukar tan 4, yana tashi kimanin mita 1.8, nauyinsa kusan kilo 600, injin famfonsa kilowat 2.2 ne mai aiki da wutar gida ta bolt 220. Wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan gareji ta tashar Lome ne ya kawo mini shi, bayan jiran da ya ninka abin da ya yi alkawari. Na san sunayen manya irin su Rotary da BendPak na Amurka, da Ravaglioli na Italiya, da Nussbaum na Jamus, amma kuɗinsu da wahalar samun kayan gyaransu a nan sun fi ƙarfin garejin da motoci uku kaɗai yake yi wa hidima. Abin da na dage a kai shi ne takarda. Injunan ɗaga mota a Turai suna da ƙa'ida mai lamba EN 1493, a Amurka kuma akwai cibiyar ALI da ke gwada su ta manna musu tambarinta. Alamar CE, mai nuna an cika ƙa'idar Turai, da ake liƙawa a ginshiƙi kowa yana iya buga ta, shi ya sa na ce wa ɗan kasuwar sai na ga takardar shaida mai ɗauke da lambar samfurin da zai ba ni. Ya ji haushi, amma ya nemo ta.

Game da tan 4, kada lambar ta ruɗi mai saye. Hilux ba ta wuce tan 2 da ɗan wani abu ba, manyan Land Cruiser kuma suna haura tan biyu da rabi, sai mutum ya ga kamar akwai rara mai yawa. Amma nauyin da aka rubuta rabawa ake yi tsakanin hannuwa huɗu, kowane hannu tan guda ke nan, mota kuwa ba ta raba nauyinta daidai. A-kori-kura marar kaya gabanta ne mai nauyi, wadda aka bar wa buhunan taki a baya kuma tana iya danne hannuwan baya fiye da ƙima alhali jimillar nauyinta bai kai iyaka ba. Dokar garejina ita ce a sauke kaya kafin a ɗaga.

Yanzu ga maganar daɓe, wadda ita ce rabin wannan sayayya. Ginshiƙan nan biyu ba abin da ke riƙe su sai kusoshin da aka dasa cikin kankare. Idan mota ta tashi, nauyinta yana jan kowane ginshiƙi ya sunkuyo ciki, kusoshin da ke bayansa kuma suna ƙoƙarin tumɓukewa, ƙarfin kankaren ne kawai yake hana su. Masu ƙera injunan sun bambanta, wasu suna neman kaurin santimita 10, wasu har 20. Littafin nawa ya ce kada ya gaza 15. Daɓen garejina yana da kyan gani, ba tsaga ko ɗaya, har ɗan kasuwar ya buga shi da ƙafa ya ce zai ɗauka. Ban yarda ba, na sa aka huda shi a wuri uku. Santimita 6 muka tarar, ƙarƙashinsa kuma rairayi ne zalla, irin ƙasar tudun Maraɗi da kowa ya sani. Da na bi maganarsa, da tuni labarin ya zama wani.

Muka fasa wurin, muka haƙa mita 4 a tsawo, mita 2 a faɗi, muka daddaɓe ƙasan da jar ƙasa da tsakuwa, sannan muka zuba kankare mai kaurin santimita 25 da rodi hawa biyu. Mita biyu ke nan na awon ciki, kuma a kan ma'aunin kilo 350 na siminti ga kowace mita, buhu 14 ya ci. Maginin, dattijo ne da ya daɗe yana yi mana aiki, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan kwaɓin ai na ginshiƙin bene ne, buhu takwas ma ya isa daɓe." Na ce masa, "Baba, ɗanka ne zai tsaya a ƙarƙashin abin da wannan daɓen zai riƙe." Bai sake magana ba, shi da kansa ya tsaya a kan yaran har aka gama, bai bari sun tsinka kwaɓin da ruwa ba. Wata dabara tasa ce ta cece mu daga wahala: ya ce a shata inda kowace kusa za ta shiga kafin a shimfiɗa rodi, don kada bakin injin huji ya ci karo da ƙarfe daga baya. Ban ga wannan a littafin ba.

Sai jira na kwana 28, wanda shi ne lokacin da kankare yake ɗauka kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. A watan Afrilu muka zuba, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, kuma a irin wannan zafi kankare yana bushewa kafin ya nuna. Muka rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, ana ba shi ruwa safe da yamma. Injin yana jingine a akwatinsa, kullum ɗan ƙanena sai ya ce, "Baba, ai ya yi tauri." Taurin sama daban, ƙarfin ciki daban, sai da kwanakin suka cika cif muka huda.

Kusoshin da suka zo cikin akwatin su ne abu na farko da ya ɓata mini rai. Gajeru ne, idan aka cire kaurin gindin ginshiƙi, abin da zai shiga kankare bai kai yadda littafin da kansa ya tsara ba. Na aika aka sayo mini dogaye masu kauri ɗaya daga Kano. Littafin ma a wani irin Ingilishi aka rubuta shi mai wuyar fahimta, babu Faransanci ko layi ɗaya, hotunansa kuma na wani samfuri ne daban. Wanda ba shi da bakanike mai haƙuri a kusa zai sha wahala wajen haɗawa.

Rufi bai ba mu wahala kamar daɓe ba, amma ya ci kuɗi. Lissafin mai sauƙi ne: injin ya tashi mita 1.8, Hilux kanta tsayinta kusan mita 1.8, an kai 3.6 ke nan kafin a yi maganar marikin kaya na saman mota ko buɗe bonet. Mai walda ya ƙara wa ginshiƙan rumfar tsawo har kwanon ya kai mita 4.2. Injunan masu ginshiƙi biyu iri biyu ne: akwai wanda igiyoyinsa da tiyon mai suke bi ta sama a kan wata gada, akwai wanda suke bi ta ƙasa a ƙarƙashin faranti. Na ɗauki na ƙasa saboda ginshiƙansa gajeru ne, ba su kai mita 3 ba, kuma a lokacin ina zaton ba zan taɓa rufin ba. Da na san zan ɗaga rufin daga baya, da na sayi mai gada ta sama. Farantin nan yana tare jak ɗin sauke giyabos daidai inda ake son gungura shi, yana tara yashi da mai, kuma babu abin da zai tsayar da injin idan kan mota ya kusa rufi, alhali na sama yana da sandar da ke kashe famfo da zarar mota ta taɓa ta.

Wuta kuma tana da nata sharaɗin. Famfon ba ya aiki sai lokacin tashi, wanda bai kai minti guda ba, saboda haka ba ya cin mita. Matsalarsa ita ce fizgar farko. A layin da garejin yake kai da farko, da aka danna maɓalli sai fitilun gida su dushe, injin ya yi ta gurnani bai tashi ba, musamman da yamma lokacin da wutar unguwa take rauni. Mai gyaran wuta ya ja masa layinsa shi kaɗai daga mita da waya mai kaurin milimita 4, ya sa masa makashinsa daban, ya kuma dasa sandar ƙasa. Tun daga nan ya daidaita.

Akwai wani abu game da ɗaukewar wuta da ya kamata duk mutumin Maraɗi ya sani kafin ya biya kuɗi. Saukar mota ba ta buƙatar lantarki, nauyinta ne yake mayar da mai cikin tanki idan aka danna hannun sauke. Amma motar da ke sama a kan sakata take zaune, sakatar kuma ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga motar ta saki haƙorin da ta kama, ɗagawar nan kuwa sai da famfo. Ranar da na fara fahimtar haka, Corolla ce ta yini a sama, uwargida tana da zuwa suna Tibiri. Ƙaramin janareton gida bai iya tayar da famfon ba, sai da muka aro babba. Yanzu ina da nawa mai kilowat 6 a gefen garejin, kuma ina sa shi cikin kuɗin injin duk lokacin da aka tambaye ni nawa abin ya tsaya mini. Idan aka haɗa siminti da rufi da waya da janareto, sun kusa kamo kuɗin injin kansa.

Sakatar nan ita ce abin da na fi yabawa a jikinsa. A cikin kowane ginshiƙi akwai jerin haƙoran ƙarfe, kuma yayin da mota take tashi ana jin sakata tana faɗawa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas. Idan ta kai tsayin da ake so, sai a sassauta mai har motar ta zauna a kan ƙarfe. Daga nan ko tiyo ya fashe, ko silinda ta yi yoyo, ba inda za ta je. Sautin yana kuma gaya wa mai kunne lafiyar injin: idan ɓangarorin biyu suna ƙara tare, igiyoyin ƙarfen da ke daidaita su suna lafiya, idan ɗaya ya riga ɗaya, lokacin ɗaure igiya ya yi. Sau biyu muka ɗaure su a watannin farko, tun daga nan ba su motsa ba. Abin da ban so ba shi ne kowace sakata a gefenta ake buɗe ta da hannu, sai mutum ya zagaya ɗaya ginshiƙin kafin ya sauke mota. Wanda ya manta ya buɗe ɗaya ya bar ɗaya, motar za ta fara karkata. Akwai samfurin da ake buɗe duka biyun daga wuri guda, kuma ƙarin kuɗinsa bai kai haɗarin da yake kawarwa ba.

A wajen aiki kuwa, bambancin ba ya misaltuwa. Canjin kuloci na Hilux, wanda a dā yake cinye mana yini biyu a kwance, yanzu daga safe zuwa la'asar an gama, mutum yana tsaye da ƙafafunsa yana ganin abin da hannunsa yake yi. Birki huɗu a ɗagawa ɗaya. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawan ɓarnar da ido yake kamawa tun tana ƙarama. A Land Cruiser ta yayana mun ga tiyon birki da ya goge a jikin shasi har zarensa ya fito, motar da ake shirin tafiya Yamai da ita, tafiyar fiye da kilomita 600. A kan tabarma ba mai ganin wannan wurin.

Ɗora motar a kan hannuwa shi ne aikin da ke son natsuwa. Corolla tana da wuraren da kamfani ya ware a gefen jikinta, su ake nema. Hilux da Land Cruiser ta shasi ake kama su, kuma matakalar gefe tana tare hannu, dole a sa ƙarin ƙarfen tsawo da ya zo tare da injin. Kowane hannu yana da haƙorin da ke kulle shi da zarar ya bar ƙasa, sai a tabbata ya kama. Muna ɗaga mota kamar taƙi guda, mu girgiza ta da ƙarfi gaba da baya, in ta zauna daram sannan a ci gaba. Idan za a cire abu mai nauyi kamar giyabos ko aksul na baya, muna tokare ta da dogayen sandunan tallafi, domin nauyin da aka cire daga gefe ɗaya yana mayar da rinjaye ɗaya gefen. Robobin da ke kan hannuwan ba su da inganci, cikin wata shida biyu suka tsage, muka yanka wasu daga tsohuwar tayar babbar mota, kuma sun fi na asalin ƙarko.

Ƙura ita ce abokiyar gabarsa a garin nan. Littafin ya ce a shafa giris a hanyar da keken da ke ɗauke da hannuwa yake bi a cikin ginshiƙi, amma giris mai yawa a lokacin hunturu yashi yake kamawa, ya koma kamar sanfefa. Muna goge tsohon tsaf kowane wata, mu shafa sabo kaɗan, mu share sandar silinda kafin a sauke mota don kada ta ja ƙura cikin robarta, kuma mun ɗinka wa famfon riga ta tamfol. Man haidirolik mai lamba 46 muke zubawa, domin mai lamba 32 yana tsinkewa da yawa a zafinmu. Tankin yana cin kimanin lita 10, kuma baƙin mai ko man birki ba sa maye gurbinsa. Kusoshin gindi muna bin su da sifana a farkon kowane wata. A zagayen farko uku sun ɗan karɓi ɗauri, daga baya ko ɗaya bai sake motsi ba, kankaren ma ba tsaga.

Mutumin da yake haya, ko mai ƙaramar mota ɗaya da juyen mai kaɗai yake yi mata, ba na ba shi shawarar wannan injin. Jak mai kyau da ƙafafun ƙarfe huɗu a kan daɓen siminti sun ishe shi. Wanda gidan nasa ne, yake da mota biyu ko uku masu shan hanyar daji, kuma akwai mai hannu a gidan, zai more shi, amma ya nemi mai gada ta sama, mai sakatar da ake buɗewa daga wuri guda, ya kuma huda daɓensa ya auna kafin ya ba da ko dala.

Abin da ya rage yana damuna shi ne kayan gyara. Ɗan kasuwar bai ajiye ko robar silinda ɗaya ba, kuma igiyoyin ƙarfen abu ne da ke da wa'adi, ranar da aka ga zare ɗaya ya tsinke dole injin ya tsaya. Na auna tsawonsu da kaurinsu, na ba da saƙon igiya biyu da robobin silinda da tiyo guda ta hannun wani mai zuwa Kano. Makullin wutar injin kuma a aljihuna yake kwana, hannuwansa a sauke har ƙasa, saboda yaran gidan sun riga sun gano inda maɓallin yake.